Yadda na kama tashar sararin samaniya da wayata da na'urar hangen nesa ta aro

Hoton da na fi ji da shi a wayata, in na nuna maka ba tare da bayani ba, cewa za ka yi ƙuda ne ya mutu a kan gilashi. Wani ɗan farin abu ne a tsakiyar baƙi ƙirin, da fukafukai masu ruwan ƙasa-ƙasa a hagu da dama, duk faɗinsa bai fi ɗigo sittin ba. Ranar da na tura shi zauren WhatsApp na abokanmu, amsar farko da ta shigo ita ce, "Malam, goge kamararka." Ta biyu kuma, "Wai har yanzu kai ka yarda akwai mutane a sama?"

To wannan ƙudan dai tsawonsa mita 109, wato ya ɗara filin ƙwallon ƙafa. Akwai mutane a cikinsa suna aiki suna barci, kuma a lokacin da na ɗauke shi yana sheƙa gudun kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya, sama da kilomita 400 daga saman benen da nake tsaye a Kano. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce, wadda aka fi sani da ISS. An harba ɓangarenta na farko a watan Nuwamban 1998, kuma tun daga 2 ga Nuwamban 2000 ba a taɓa barinta babu kowa a ciki ba. Da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu, tun kafin a haife su mutane ke kwana a can.

Na shiga harkar ne da tunanin matsalar kayan aiki ce: in ka samu waya mai tsada, shi ke nan. Sai na tarar rabin aikin lissafi ne da kiyaye lokaci, irin aikin da mu masu rubuta manhaja muka saba da shi. Wayarka tana da amfani ƙwarai a wannan sha'ani, amma amfaninta na farko shi ne ta zame maka agogo da taswira. Kamara daga baya take zuwa.

Ka fara ganinta da ido

Ba ka buƙatar sayen komai kafin ka ga ISS. Ba ta da fitilar da ake hangowa daga ƙasa. Hasken rana ne ke dukan jikinta ya dawo mana. Shi ya sa ake ganinta a lokuta biyu kawai: bayan magariba, ko kafin gari ya waye da asuba, lokacin da mu duhu ya rufe mu amma ita can sama rana na haska ta. Da tsakar dare tana cikin inuwar duniya, da rana kuma hasken sama ya shanye ta.

In ta zo da kyau, haskenta na kusan kai na Zara, tauraruwar nan da ke rakiyar wata. Ba ta ƙyaftawa kamar fitilar jirgin sama, ba ta ƙara, tafiya kawai take sumul, ta ratsa sama cikin minti huɗu zuwa shida. Wani lokaci kana cikin kallonta sai ka ga ta yi ja-ja ta dushe ta ɓace a tsakiyar sama. Ba komai ba ne, inuwar duniya ta shiga. A gare su da ke ciki rana ce ta faɗi, kuma sau 16 take faɗuwa musu a kwana ɗaya, domin duk bayan minti 93 ko kusa da haka suke kammala zagaye duniya.

Manhajojin da ke gaya maka lokacin wucewarta kyauta ne. Akwai Spot the Station ta hukumar NASA, akwai Heavens-Above, akwai ISS Detector. Ka ba su izinin sanin inda kake, su ba ka lokaci da kusurwar da za ta ɓullo da iya tsayin da za ta kai. Wannan tsayin shi ne abin dubawa. Digiri 90 na nufin daidai tsakar kanka. In ta tsaya a digiri 10, tana nesa da kai da kusan kilomita 1,500. A digiri 30, kusan 770. A tsakar ka, 420 ko kusa. Mai son hoto ba ya ɓata lokacinsa kan wucewar da ba ta kai digiri 50 ba.

Abin da wayarka ba za ta iya ba ita kaɗai

Bari mu yi ɗan lissafi, domin shi zai hana ka asarar kuɗi. Ka ɗauki murfin kwalbar lemo ka ajiye a ragar filin ƙwallo, ka koma ɗaya ragar ka tsaya. Girman da murfin zai yi a idonka, kusan shi ne girman ISS idan tana tsakar kanka. Ko kuma ka kwatanta da wata: sai ka jera ta sau talatin da 'yan kai kafin ta cike faɗin wata ɗan daren sha huɗu.

Babbar kamarar yawancin wayoyi tana ɗaukar faɗin kusan digiri 70, ta shimfiɗa shi a kan ɗigo 4,000 in hoton mai megafiksel 12 ne. Wata rabin digiri ne, saboda haka rabonsa ɗigo talatin ne ba cikakku ba. ISS kuwa ɗigo ɗaya tak. In wayarka mai megafiksel 108 ce, ɗigo uku. Duk zuƙowar da za ka yi da yatsa, kumbura waɗannan ɗigogin kawai kake yi, ba abin da ke ƙaruwa. Abin da waya za ta iya yi da kanta, kuma yana da kyau, shi ne ka kafa ta a kan ƙafa ko ka jingina ta da dutse, ka buɗe idon kamarar na daƙiƙa 15 zuwa 30, ka samu farin layi ya ratsa tsakanin taurari. Amma siffar tashar ba za ta fito ba.

A nan ne ya kamata a tuna da surutun da aka yi a watan Maris na 2023 kan hoton wata a wayoyin Samsung. Wani ya ɗauki hoton wata ya dusar da shi da gangan, ya sa a allon kwamfuta, ya kashe fitila ya ɗauka da waya, sai ga ramukan wata sun fito tar, alhali babu su a abin da ke kan allon. Kamfanin ya fito ya yi bayanin cewa manhajar kamarar tana gane wata, ta yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ta ƙara masa kyau. A hoton biki wannan ba laifi ba ne. Amma ni abin da ya fitar da ni saman bene shi ne in ga abin da ke can da gaske. In manhaja ce za ta zana min fukafukan, gara in sauko da hoton NASA in huta.

Waɗanda suka riga mu

Akwai mutanen da suka mai da wannan abu sana'ar dare, kuma ba ma'aikatan wata hukumar sararin samaniya ba ne. Ralf Vandebergh ɗan ƙasar Holan ya yi suna da na'urar hangen nesa mai faɗin baki santimita 25 wadda yake juyawa da hannu, ba inji. A watan Maris na 2009 ya kamo ɗan sama jannati yana aiki a wajen tashar, kuma a 2019 ya ɗauki hoton X-37B, ƙaramin kumbon sojan Amurka da ba a cika faɗin aikin da yake yi ba.

Thierry Legault, injiniya ɗan Faransa, nasa salon daban ne: yana jiran kumbo ya gifta ta gaban rana. A watan Mayun 2009 ya je jihar Florida a Amurka ya ɗauki kumbon Atlantis tare da na'urar Hubble suna ratsa fuskar rana, giftawar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Ranar 4 ga Janairun 2011 kuma ya tafi har Oman don ya haɗa husufin rana da giftawar ISS a hoto guda. Ka yi tunanin mutum ya biya kuɗin jirgi ya ƙetare ƙasashe saboda abin da ƙiftawar ido ɗaya za ta sa ya rasa.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Sebastian Voltmer a Jamus. Ranar 23 ga Maris, 2022, 'yan sama jannati biyu, Matthias Maurer da Raja Chari, sun fita wajen tashar yin aiki. Voltmer ya ɗauke su da na'ura mai baki inci 11 daga garin Sankt Wendel, wanda shi ne garin su Maurer ɗin. Mutum yana lilo a sama, wani daga garinsu yana ɗaukarsa hoto daga ƙasa.

Kayansu sun fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba. Abin da na ɗauka daga Vandebergh shi ne, da hannu ma ana yi.

Layi biyu da suka san inda komai yake

Ta yaya manhaja ke sanin cewa ISS za ta ɓullo daga kudu maso yamma da ƙarfe kaza da minti kaza? Da na bincika sai na ga abin ya fi sauƙi fiye da zatona, ya kuma fi daɗi. Rundunar sojan Amurka na bibiyar dubban abubuwan da ke zagaya duniya, kuma ana wallafa bayanin kowanne a rubutu layi biyu, kowane layi haruffa da lambobi 69. Ana kiransu TLE. Kowa na iya sauko da su kyauta daga shafin CelesTrak. Lambar ISS a wannan rajista ita ce 25544.

A cikin layukan akwai lokacin da aka yi awon, da karkatar hanyar kumbon daga tsakiyar duniya, wadda ga ISS digiri 51.6 ce, da yawan zagayen da yake yi a rana, kusan 15 da rabi. Sai a zuba su cikin wani tsarin lissafi mai suna SGP4, ya fitar maka da inda kumbon zai kasance a kowace daƙiƙa. Tsarin layukan tsoho ne tun zamanin da ake shigar wa kwamfuta bayani da kati mai huji, shi ya sa shekara lamba biyu kawai aka ba ta: daga 57 zuwa 99 na nufin shekarun 1900, ƙasa da haka kuma shekarun 2000. An faro daga 57 ne saboda a 1957 aka harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Masu manhaja za su gane cewa akwai ciwon kan da ke jiran wani a 2057.

Ni da ba ni da haƙurin amfani da abin da wani ya rubuta in har zan iya rubuta nawa, sai na buɗe Python, na ɗauko Skyfield, wadda ke yin duk lissafin, na rubuta 'yar manhajar da ba ta kai layi talatin ba. Na ba ta inda gidanmu yake, ta ba ni jerin lokuta. Na ga wata wucewa mai kyau da ƙarfe 6:05 na yamma.

A lokacin na riga na samo na'urar hangen nesa. Ta wani tsohon malaminmu ne na sakandare da ya yi ritaya, ɗansa ya kawo masa ita daga waje, tana ajiye a kwalinta a bayan kujera. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Malam, aron na'urar nan na zo nema, na mako biyu." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, me za ka kalla?" Da na gaya masa sai ya yi dariya ya ce, "Ɗauki. Amma in ka taɓa madubin ciki da yatsa, kada ka dawo gidan nan." Wata huɗu ta yi a hannuna.

Ranar na hau bene tun kafin shida, na kafa komai. Ƙarfe 6:05 ta yi, rana ba ta daɗe da faɗuwa ba, sama fes da haske, ana ta kiran sallar magariba. Ban ga komai ba. Na jira minti goma, na tattara kaya na sauko ina zargin lissafin. Bayan awa guda cif, ina ɗaki ina bin manhajar layi-layi, sai na ji ƙanina daga tsakar gida yana ihu, "Yaya! Yaya, fito ga tauraro yana tafiya!" Na fito ba takalmi, ga ta nan tana wucewa ta tsakar kanmu, fara sol, na'ura kuwa tana cikin kwali. Lissafin daidai yake. Lokacin da ya ba ni na agogon duniya ne, UTC, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaba da shi da awa ɗaya. Layi ɗaya na manta ban rubuta ba.

Kuskure na biyu da ke jiran mai wannan hanya shi ne tsohon TLE. A tsayin da ISS take akwai sauran iska 'yar kaɗan da ke rage mata gudu, tana sauka da kusan kilomita biyu a wata, sai lokaci-lokaci a kunna injin kumbon da ke maƙale da ita a ɗaga ta. Duk sanda aka yi haka, tsohon lissafi ya tashi aiki. Tana cin kilomita 7.6 a daƙiƙa, don haka kuskuren daƙiƙa biyu ya kai kilomita 15. Ka sabunta bayanan a ranar da za ka fita.

Daren da ta kamu

Na'urar Malam irin mai madubi ce a ciki, faɗin bakinta milimita 150, tana zaune a kan gindin katako da ake juyawa da hannu sama da ƙasa, hagu da dama. Irin wannan gindin ana ce masa Dobson. Da gilashin leƙe na milimita 10 tana ƙara girman abu sau 75. Ɗigo ɗayan nan na ɗazu ya zama sittin da wani abu in ana ɗaukar bidiyon 4K. Amma komai da farashinsa: abin da na'urar ke gani a lokaci guda bai fi faɗin wata da kaɗan ba, ISS kuwa in tana tsakar ka tana ƙetare faɗin wata biyu a daƙiƙa ɗaya. Kamar ka leƙa ta cikin tsinken shan lemo ka ce za ka bi tsuntsu yana tashi.

Saboda haka ba a ɗaukar hoto, bidiyo ake ɗauka. Bidiyo jerin hotuna ne, 30 ko 60 a daƙiƙa, kowanne ana ce masa firam. Kai dai ka bi ta iya ƙoƙarinka, duk sanda ta gifta ta cikin na'urar, wasu firam za su kama ta.

Mafi muhimmancin shiri shi ne saita 'yar ƙaramar na'urar nuni da ke goye a bayan babbar, domin da ita za ka bi tashar, ba za ka kalli allon waya ba sam. Tun da sauran haske na nufi jar fitilar wani dogon ƙarfen sabis da ke nesa, na yi ta murɗa kusoshi har inda ƙaramar ta nuna ya zama daidai tsakiyar allon wayar. Da duhu ya yi na sake gwadawa da tauraro. In wannan saitin ya kauce ko kaɗan, za ka bi ta minti huɗu kana murna, ka sauko da baƙin bidiyo. Ya faru da ni sau biyu.

Sai wayar. Da farko da roba da salatif na ɗaure ta a bakin gilashin, ta zame tun kafin a fara. Dole na sayi ɗan maƙalin da aka yi don haka. Na shiga sashen Pro na kamarar, na kashe yanayin dare da duk wani gyaran kai-tsaye, na kulle fokos ɗin wayar a nesa, sannan na saita na na'urar a kan tauraro har ya zama ɗan ɗigo mai kaifi. Saurin ƙiftawar kamara na sa shi a 1/1000 na daƙiƙa. Wannan shi ne inda kowa ke faɗuwa: ka ga dare ne, sai zuciyarka ta ce ka ƙara haske. Alhali ISS a cikin rana tsaka take, farin ƙarfe ne da rana ke duka. In ka bar wayar ta zaɓa da kanta, farin dunƙule za ka samu kamar ƙwan fitila. In wayarka ba ta ba da damar saita wannan a bidiyo ba, akwai manhajojin kamara irin su Open Camera da kan buɗe shi a wayoyi da dama. Abu na ƙarshe, na sa ta a yanayin jirgi. Kira ɗaya ya isa ya kashe maka bidiyo.

Daren na watan Nuwamba ne, damina ta wuce, hazo bai sauka ba. Ƙanina na riƙe da tasa wayar yana ƙirga min lokaci. Ta ɓullo daga kudu maso yamma, ƙasa-ƙasa, a hankali kamar ba ta so. Na danna ɗauka, na manna ido a 'yar na'urar nuni. Minti na farko da sauƙi. Tana ƙara hawa tana ƙara gudu, har ta kai inda hannuna ya kasa bin ta sumul, sai na koma dabarar da na ga ta fi: in wuce gabanta kaɗan in tsaya cak, ta ratsa da kanta, in sake wucewa. Firam ɗin da aka ɗauka na'ura na tsaye sun fi fitowa da kyau a kan waɗanda hannu ke rawa. A daidai ƙololuwa na rasa ta gaba ɗaya na daƙiƙa goma, domin gindin Dobson ba ya son tsakar ka, sai ka juya shi duka kafin ka sake kamo abu. Tun daga ranar na fi son wucewar digiri 60 zuwa 70.

Minti huɗu, firam 7,200. Ba mai bin su ɗaya-ɗaya. Akwai manhajar kwamfuta kyauta mai suna PIPP da ke zubar da firam ɗin da babu komai, ta yanko tashar ta sa a tsakiya. Ni dai na sake rubuta tawa da OpenCV: duk firam ɗin da ke da ɗigo mai haske ta ware shi, ta jera su bisa kaifi. Ƙasa da 200 ne suka kama ta, kuma a cikinsu masu kyau ba su kai goma ba, saboda iskar zafin da ke tashi daga rufin gidaje tana sa hoto rawa kamar abin da ke ƙarƙashin ruwa. Na buɗe na farko a jerin. Ga dogon ƙashin bayan, ga faifan sola a gefe biyu, ga farin dunƙulen ɗakunan da mutane ke ciki a tsakiya. Na daɗe ina kallonsa ban ce komai ba. Umma ta leƙo ta ce, "Wannan ne abin da ya hana ka cin tuwo?"

Gaban wata, da gargaɗi kan rana

Akwai hanyar da ba ta buƙatar bi da hannu: ka saita na'ura a kan wata, ka jira ISS ta gifta ta gabansa. Shafin ISS Transit Finder na lissafa wannan, ya zana maka layi a taswira. Wahalar ita ce layin siriri ne, faɗinsa 'yan kilomitoci, kuma giftawar kanta rabin daƙiƙa ce zuwa ɗaya da wani abu. Sau da yawa sai ka hau babur ka fita bayan gari, ka sake duba layin awa kaɗan kafin lokaci don yakan matsa. Ka fara ɗauka minti ɗaya kafin lokacin, kuma ka tabbata agogon wayarka daga intanet yake saita kansa.

Ta gaban rana ma ana yi, irin na Legault, amma a nan ba wasa. Na'urar hangen nesa tana tara hasken rana wuri guda kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi, sai dai ta fi ƙarfi ninkin-ba-ninkin. Leƙe ɗaya ya isa ya makantar da ido har abada, kuma wayar ma ƙonewa za ta yi. Baƙin tabarau, fim ɗin hoton asibiti, gilashin da aka shafa wa hayaƙi, babu wanda ke karewa. Sai matatar hasken rana ta musamman da ake rufe bakin na'urar da ita ta gaba, a kuma rufe 'yar na'urar nuni. In ba ka da ita, ka tsaya a wata.

Samanmu da abin da ke cikinsa

Inda muke yana da nasa rashi da nasa rabo. Duk zagaye ɗaya da ISS ta yi, duniya ta juya a ƙarƙashinta, hanyarta ta matsa yamma da kusan kilomita 2,500. Mutanen Turai da ke kusa da iyakar hanyarta ta arewa sukan gan ta sau biyu ko uku a dare ɗaya. Mu in ta wuce sau ɗaya da kyau, sai kuma wani lokaci. Ga gajimaren damina, ga ƙurar hunturu da ke mai da sama kamar koko. A gwajina, daga ƙarshen damina zuwa saukar hazo ne lokaci mafi kyau. Hasken gari kuwa bai dame ta ba, tana da hasken da ko a tsakiyar Kano za ka gan ta, da wuta ko babu.

Rabon namu shi ne Hubble. Karkatar hanyarta digiri 28.5 ce kawai, saboda haka ba ta taɓa hawa saman Jamus ko Ingila, amma mu tana bi ta tsakar kanmu. Tsawonta mita 13 ne a nisan kusan kilomita 500, wato kashi ɗaya cikin goma na girman ISS a ido, don haka da na'ura irin ta Malam ɗan tsinke kawai za ka samu. Tashar ƙasar Sin, Tiangong, wadda aka harba ɓangarenta na farko a Afrilun 2021, ita ma tana wucewa ta kanmu, tana da haske sosai, kuma manhajojin nan duk suna lissafa ta. Jerin fitilun da mutane kan ɗauka a bidiyo suna salati kuwa, yawanci taurarin Starlink ne da ba a daɗe da harbawa ba, kafin su rarrabu. Wani ya tambaye ni ko zan iya ɗauko NigComSat-1R, namu na Najeriya da aka harba a Disambar 2011. Yana nisan kilomita 35,786, ya ninka nisan ISS sau 85. Ko na'urar Voltmer ɗigo za ta nuna.

In za ka saya

Kada ka kalli lambar ƙarin girma da aka rubuta ɓaro-ɓaro a kwali. Duk na'urar da bakinta bai fi na kofin shayi ba amma aka rubuta mata 500x ko 675x, abin wasan yara ce. Faɗin baki shi ne komai, kuma ƙarin girman da ke da amfani ba ya wuce ninki biyu na faɗin bakin a milimita. Mai milimita 130 zuwa 150 a kan gindin Dobson ta isa farawa, kuɗinta a waje kusan na waya matsakaiciya ne, kafin a ɗora na dako da abin da dala ta ga dama. Shawarata ita ce kada ka saya tukuna. Ka yi wata guda kana fita kallonta da ido, ka ga ko kana iya tashi kafin asuba saboda minti biyar. In abin ya kama ka, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu. Aikin ma ya fi daɗi da mutum biyu, ɗaya na bi, ɗaya na ƙirga.

Lokacin dai ba shi da yawa. NASA ta tsara ci gaba da aiki da tashar zuwa 2030, sannan a sauko da ita ta ƙone a iska, ragowar ta faɗa can tsakiyar tekun Fasifik, kuma tun a watan Yunin 2024 aka ba kamfanin SpaceX kwangilar ƙera kumbon da zai turo ta ƙasa.

Na mayar wa Malam na'urarsa tare da hoton, na wanke masa shi a takarda. Ya sa tabarau ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, ya ce, "Ina mutanen?" Na ce, "Malam, sai da mai baki inci 11." Ya ce to in ci gaba da tara kuɗi, kafin nan kwalin na nan bayan kujera in an samu giftawa ta gaban wata kusa da gari. Na ƙara wa manhajata layin da ke duba hakan kowace safiya, kuma wannan karon na sa mata awa ɗayan.